Zaman Duba Hoto: Yadda Masu Koyo Za Su Gyara wa Juna

Duk wanda ya taɓa miƙa wa abokinsa waya ya ce, "Duba hoton nan da na ɗauka," ya san amsar da ke jiransa. "Kai, Masha Allah, ya fita!" Sai a miƙo masa abinsa. In kuwa ya faɗa hannun ɗan tsokana, a ce masa, "Ai wayar taka ce ba ta da kyamara." Ko wacce ya samu cikin biyun, hannu rabbana zai tashi. Gobe ya koma gona ko kasuwa ya sake ɗauko irin na jiya, da kuskuren jiya a ciki.

A ƙasar Makoda abin ɗauka ba ya yankewa. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum sama da 220,000 ne a ƙaramar hukumar, kuma daga Koguna, inda hedikwata take, har ka shiga ƙasar Dambatta, da wuya ka yi tafiya mai nisa ba ka ga gida, ko rumbu, ko jaki ɗauke da mangalar taki ba. Waya mai kyamara ta shiga aljihun samari da 'yan mata. Malami ne ya yi ƙaranci. Mai son ya iya hoto a nan, malaminsa idon 'yan'uwansa ne.

Kada a raina wannan malami. A 2001 wasu matasan Najeriya suka halarci bikin baje kolin hotuna na Bamako, wanda ake yi tun 1994. Da suka dawo Legas sai suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar Depth of Field, suna fita ɗauka, su dawo su baje aikinsu a gaban juna. Kelechi Amadi-Obi, TY Bello da Uche James-Iroha duk 'ya'yanta ne. Ita ma Magnum, wadda Henri Cartier-Bresson da Robert Capa da abokansu suka kafa a 1947, har gobe ba ta karɓar sabon mamba sai na ciki sun zauna sun duba hotunansa sun jefa ƙuri'a. In manya ba su wadatu da idon kansu ba, ina ga mu?

Sai dai duba hoto yana da ƙa'ida, kamar yadda huɗa ke da ita. Ga tsarin da muka yi ta gwadawa a majalisarmu, mu ɓata mu gyara, har ya zauna.

Shirin zama

Mutum huɗu zuwa bakwai sun isa. In ba a kai haka ba, ra'ayi ɗaya ne zai yi ta kewayawa. In an wuce haka, zama ya koma hira.

Kowa ya zo da hoto uku, ba ƙari. Za ka ji wani ya ce ya ɗauki ɗari biyu ranar kasuwar Dambatta, ya rasa wanda zai bari. To, zaɓen nan shi ne darasin farko, kuma ba mai yi masa. Wanda ya iya tsamo uku daga ɗari biyu ya riga ya fara yi wa kansa gyara tun kafin ya iso.

A zauna a zaure ko wani wuri mai inuwa sosai, domin fuskar waya maƙaryaciya ce a cikin rana: hoto mai kyau sai ya zama baƙi ƙirin. Da walaha ko bayan isha'i ya fi. Kada a sa zama bayan la'asar. Wannan lokacin ɗauka ne, asara ce a ƙarar da shi a kan tabarma.

A tara dukkan hotunan a na'ura ɗaya, kwamfuta in akwai, in babu wayar da ta fi faɗin fuska. Kowace waya da yadda take nuna launi, kuma ba adalci ba ne a duba hoton wani a sabuwar waya, na wani a mai fasasshen gilashi. A tura ta Xender. In sai ta WhatsApp, to a tura a matsayin fayil, don turawar da aka saba tana matse hoto ta cinye masa kaifi, sai a ɗora wa mai ɗauka laifin da ba nasa ba. Wanda ya yi editin ya zo da na asali tare da gyararren.

A naɗa mai jan zama, ya riƙe agogo: minti biyar ga kowane hoto. Wannan kujera tana zagayawa mako-mako, har ta zo kan ƙaramin cikinku.

Matakai biyar

Na ɗaya, shiru. A ɗora hoton, kowa ya kalla na rabin minti ba magana. Mai hoton ma bakinsa alekum. Nan ne aka fi shan wahala, don bakinsa zai yi ta ƙaiƙayi ya ce, "Ai lokacin rana ce ta..." A tsayar da shi. Hoto in ya bar hannunka shi kaɗai yake tafiya, ba ya ɗaukarka ka bi shi kana yi wa mutane bayani.

Na biyu, kowa ya faɗi abin da ya gani, ba abin da yake so ko yake ƙi ba. Tambaya ɗaya ce: ina idonka ya fara sauka, daga nan kuma ina ya nufa? Amsar ba ta buƙatar ilimi. Yaron da bai taɓa riƙe kyamara ba zai iya bayar da ita, kuma sau da yawa tasa ta fi gaskiya.

Na uku, a buɗe wa mai hoto baki, ya faɗi cikin jimla ɗaya abin da ya so a gani. Tazarar da ke tsakanin abin da ya nufa da abin da aka gani, nan darasin yake kwance. In sun zo ɗaya, hoto ya yi aikinsa ko da yana da 'yan kurakurai. In sun saɓa, ko launinsa ya kai na bakan gizo akwai gyara.

Na huɗu, a faɗi abin da ya yi daidai, tare da dalili. "Ya yi kyau" ba magana ba ce. "Hasken da ya bugi gefen fuskarta ya fito da zanen lallen hannunta" ita ce magana, don mai hoto zai iya komawa ya sake nemo wannan hasken da gangan. Yawancin masu koyo ba su san abin da suka dace da shi ba sai an nuna musu.

Na biyar, gyara ɗaya daga kowane mutum, kuma wanda za a iya yi gobe da ƙafa, ko da yatsa, ko da sauya lokaci. "Matsa hagu taku biyu" gyara ne. "Ka sayi iPhone" gori ne.

Yadda abin yake a aikace

Wata damina, ƙaramin cikinmu, ɗan sakandare, ya kawo hoton Baffansa yana huɗar gyaɗa da shanu. Muka yi shirunmu. Da aka zo faɗin abin da aka gani, wani mai cajin waya a cikinmu ya ce, "Ni dai jan bokitin can na gefen dama na fara gani." Wani malamin firamare ya ce shi sararin sama ya gani, fari fat, ya cinye rabin hoton. Ni kuwa na ga shanu, amma da na nemi fuskar mai garma sai na tarar da duhu a ƙarƙashin malfa.

Aka ce wa yaron ya yi magana. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, gajiyar Baffa na so a gani. Tun asuba yake nan."

Ba wanda ya ga gajiya, don ba wanda ya ga fuska. Malamin firamare ya fara da abin da ya yi daidai: "Ƙanena, kunyoyin nan da ka sa suka taso daga kusurwar ƙasa suka nufi shanun, sun ja ido kamar hanya. Wannan ka riƙe shi." Sannan ya tambaye shi ƙarfe nawa ya ɗauka. Yaron ya ce wajen sha ɗaya da rabi, lokacin da aka aike shi kai fura.

Gyara uku ya tashi da su. Ya je da sassafe, rana tana ƙasa, ta leƙa ƙarƙashin malfar. Ya durƙusa har gwiwarsa ta taɓa ƙasa, shanun su cika hoton, sama ta ragu. Ya ɗauke bokitin furarsa kafin ya danna. Ba ko ɗaya cikinsu da ya ci masa sisin kwabo.

Abin da ido zai bi

Haske shi ne farko, a kansa za a fi daɗewa. Mu nan muna kusa da digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, rana tana hawa da sauri, kuma a ƙarshen Afrilu da cikin Agusta takan tsaya daidai tsakar ka da tsakar rana. A lokacin idon mutum yakan zama rami biyu, inuwar hanci ta sauko kan leɓe. Haske mai taushi yana nan daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa almuru, kuma ba ya jira. Don haka tambayar farko ga kowane hoto ita ce: daga ina hasken ya zo, ƙarfe nawa?

Babbar jarrabawarmu ita ce baƙar fata cikin farar shadda. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno, Infinix da itel, ya yi suna a Afirka da kyamarar da aka saita don fatarmu, amma duk da haka in farin kaya ya haɗu da rana, ɗaya sai ya sha kashi: ko fuska ta dushe, ko riga ta ƙone ta zama fari fat ba a ganin aikin wuya. Mai duba ya sani cewa duhu ana iya ɗaga shi kaɗan a editin, amma farin da ya ƙone ya tafi ke nan. Maganin shi ne a taɓa fuskar mutum a kan waya, a ja alamar rana ƙasa kaɗan, ko a kai shi inuwa. Bakin zaure ya fi sitidiyo da yawa: a tsayar da mutum taku ɗaya daga cikin ƙofa yana fuskantar waje, duhun zaure ya zame masa labule. A kasuwa kuma a kula da tamfol. Shuɗi yana shafa wa fuska shuɗi.

Kowane yanayi da haskensa. Hazon hunturu yana kashe nesa amma yana lallashin fuska. Bayan ruwan sama iska takan wanke, koren gero ya fito shar. In hadari ya haɗo a gabas da la'asar, rana tana bayanka a yamma, duk abin da ka sa a gaba, gawo ne ko rumbu, zai haska a kan baƙin gajimare. A masussuka kuwa, a juya: mai shiƙa ta kasance tsakaninka da rana, ƙaiƙayin da ke tashi daga faifai ya kama wuta.

Na biyu, gefuna da baya. Mai ɗauka tsakiya yake kallo, don haka mai duba ya fara da kusurwa huɗu. Can ne baƙar leda take maƙale a darni, can ne rabin babur ya leƙo. A duba ko falwaya ko kuka ta tsiro daga kan mutum. A duba ko an datse ƙafa daidai idon sawu, ko hannu a wuyan hannu. In za a yanke, a yanke tsakanin gaɓoɓi. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, inda sama ta haɗu da ƙasa layi ne miƙaƙƙe, ko ɗan karkace ya yi sai gona ta zama kamar za ta zube. A kunna layukan raga da ke cikin kyamarar waya, su ne maganin wannan. J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968 har ya tara hotuna kusan 1,000, yakan tsayar da mai kitso a gaban fili wayam, sau da yawa ta ba shi baya. Ba abin da ke gasa da kitson. A nemi hotunansa a kalla tare, darasin baya ne sukutum.

Na uku, tsayi da nisa. Yawancinmu daga tsaye muke ɗauka, waya daidai ƙirji, shi ya sa hotunanmu suke kama da juna. Yaro in an ɗauke shi daga sama sai ya zama abin tausayi. A sauka daidai idonsa. Jawo abu da yatsu biyu a yawancin wayoyi yanka ne da buɗawa kawai, hoto ya fashe. Ƙafa ita ce ta fi. Amma kada a kai waya dab da fuska, don gilashinta mai faɗi ne, yana kumbura hanci.

Na huɗu, lokacin dannawa. Tsakanin hoton da ke da rai da wanda ba shi da shi, wani lokaci ƙiftawar ido ce: taɓarya a sama ko a cikin turmi, guga a bakin rijiya ruwa na zuba ko ya riga ya sauka. Ku dubi hotunan hawan Sallah na Sani Maikatanga, ku lura da inda ƙafafun doki suke a lokacin da ya danna. In hoton ɗan'uwanku ya makara, a tambaye shi na gabansa da na bayansa. Sau da yawa mai kyan yana nan cikin waya, shi ne bai gane shi ba.

Na biyar, dishi-dishi. Kada a ce "bai fita ba" a yi shiru, a gano irin ciwon. In komai na hoton ya jirwaye, hannu ne ya yi rawa, galibi don haske ya yi ƙaranci. A jingina da bango, a manne gwiwar hannu a jiki. In abin da ke motsi ne kaɗai ya jirwaye, motsinsa ne, kuma wani lokaci ado ne. In bango ya fito tar fuska ta dushe, ba a taɓa fuskar ba kafin a danna. In kuwa hoton ya yi kamar an ɗauka cikin hayaƙi alhali ba hazo, a karɓi wayar a duba gilashin kyamara. Ƙura da man shafawa sun kashe hotuna fiye da rashin iyawa. Gefen riga mai laushi ya isa.

Na ƙarshe, editin. A ajiye na asali kusa da gyararren. Snapseed da Lightroom kayan aiki ne masu kyau, amma in ganyen dawa ya koma kore irin na fenti, ko dattijo ya fito da fata sumul kamar jariri, an zarce. Wayoyi da dama suna zuwa da abin gyaran fuska a kunne, yana goge tamoji yana ƙara fari. A kashe shi. Tamojin manomi shekarunsa ne, ba datti ba.

Bakin da ake gyara da shi

A nan majalisu suke mutuwa. Mu mutane ne masu kunya da girmama na gaba, kuma abin nan biyu, in ba a yi dabara ba, sai su mayar da zama wajen yabon juna. Dabarar da ta yi mana aiki ita ce: ƙarami ne ke fara magana, babba ya rufe, don in babba ya riga ya ce ya yi, ba yaron da zai ce bai yi ba. Sannan hoton babba ake fara ɗorawa. In yara suka ga an nuna wa Malam falwayar da ta tsiro a kan mutuminsa, ya yi dariya ya ce, "Wallahi ban gan ta ba," to kowa ya saki jiki.

A yi magana da hoto, a bar mai shi. "Hasken ya yi yawa a rigar" daban yake da "ba ka iya saita haske ba." Ƙarami in zai gyara wa babba, tambaya ta fi masa sauƙi: "Yaya, da ka matsa kusa, yaya kake ganin zai kasance?" Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma ya danganta da muryar da aka faɗe shi.

Na san haka ne don na taɓa ɓatawa. A farkon zamanmu wani yaro ya kawo hoton faɗuwar rana da ya cika wa launi har sama ta zama kamar manja. Na ce, "Wannan ai shirme ne." Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi yaƙe. Bai sake zuwa ba. Har yau in mun haɗu yakan tsaya da babur ya gaishe ni da ladabi, amma bai ƙara nuna mini wayarsa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a ƙarƙashin launin nan akwai tsari mai kyau: makiyayi da sandarsa a kafaɗa, daidai inda ya kamata. Da na bi matakai, da shi zan fara faɗa.

Wanda ake duba nasa kuwa, aikinsa saurare da rubutawa. Kada ya kare kansa. Yana da damar tambaya: "Me ya sa ka ga haka?" Ba dole ne ya karɓi kowace shawara ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma in mutum uku da ba su haɗa baki ba suka nuna wuri ɗaya, to akwai abu a wurin. Haka kuma a bambance kuskure da ra'ayi. Layin ƙasa da ya karkace ba da niyya ba kuskure ne. Son hoto mai launi ko baƙi da fari ra'ayi ne, mai faɗa ya ce, "Ni a ganina."

Haƙƙin wanda ke ciki

Akwai tambayar da dole a yi wa duk hoton da ke da mutum: ya sani? Ya yarda? A gari irin namu ba baƙo a cikin hoto. Matar da ke daka ƙanwar wani ce, dattijon da ke gyangyaɗi a rumfa surukin wani ne. Hoton da ya yi kyau amma aka sace shi ta saman katanga, majalisa ta ƙi shi, kuma ta faɗi dalili. Akwai dattawa da malamai da ba sa son hoto sam saboda fahimtarsu ta addini. In sun ce a'a, magana ta ƙare. Yara, a nemi izinin iyaye ko malaminsu. Mara lafiya, wurin jana'iza da shingen jami'an tsaro, a mayar da waya aljihu.

A tambayi kuma: in mai wannan fuska ya ga kansa haka, zai ji daɗi? Fati Abubakar ta Maiduguri ta fara aikinta mai suna Bits of Borno a 2015, lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai ɓarna, ita kuwa ta riƙa nuna 'yan kasuwa, 'yan makaranta da masu kwalliyar Sallah. Talauci ba ya wuyar ɗauka. Mutunci shi ke buƙatar gwani.

'Yan mata da matan aure masu sha'awa su kafa nasu zaman a cikin gida, da wannan tsari. Suna da shiga inda namiji ba shi da ita: kitso, lalle, ɗakin amarya, hirar tsakar gida. Sharaɗinsu ma ya fi tsauri: hoton cikin gida ba ya fita daga zaman sai da yardar masu shi.

Tsakaninku kuma, hoton da aka tura don dubawa amana ce. Ba a yaɗa shi, ba a sa masa sunan wani. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta kare hoto kamar yadda ta kare littafi da waƙa, amma kafin doka akwai kunya.

Kafin a tashi

Kada a watse ba aikin mako. Abu ɗaya ga kowa, ƙarami, wanda ke kusa: rumbu, hannun mai aiki, rijiya da safe, inuwar gawo. In mutum shida suka ɗauki rumbu ɗaya, ranar zama za a ga rumbu shida, kuma ba wanda zai ce wayarsa ce ko wurinsa ne ya cuce shi. Bayan haka kowa ya sake ɗaukar hoto ɗaya daga cikin waɗanda aka gyara masa. Gyaran da ba a koma an gwada ba, hira ce. Duk bayan 'yan watanni a haɗa kuɗi a wanke hoto ɗaya na kowa a takarda. Takarda tana tona abin da fuskar waya ke rufewa, kuma ita ce ake iya kai wa mai fuska a ce masa an gode.

Wannan kaiwar ce ta ƙara mana mataki na shida, wanda ba mu san da shi ba. Ɗan sakandaren nan ya koma gonar Baffansa da sassafe, ya durƙusa, ya ɗauke bokiti. Hoton da ya kawo ya sa majalisa ta yi tsit: rana ta shiga ƙarƙashin malfa, ga gumi a goshi, ga karkiya ta nutse a wuyan shanu. Muka bi matakanmu biyar ba mu sami abin cewa ba. Aka wanke shi, yaron ya kai wa Baffa.

Dattijon ya riƙe takardar nesa da ido, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Hoto ya yi, ɗana. Amma ka rasa inda za ka ɗauke ni sai a kunyar da sa na hagu ya kauce? Duk wanda ya san huɗa ya ga wannan, cewa zai yi Baffanka bai iya riƙon garma ba."

Mu bakwai muka duba hoton nan, muka auna haske, muka leƙa kusurwa huɗu, ba wanda ya ga karkatacciyar kunya. Tun daga ranar, duk hoton da aka ɗauki mutum yana sana'arsa, ba ma cewa an gama dubawa sai mai sana'ar ya gani: maƙeri ya duba riƙon guduma, mai kitso ta duba tsaga, mahauci ya duba yanka.

Yaron sai da ya koma karo na uku. Wannan na ukun ne ke rataye a zauren Baffa, kunya miƙe sambal kamar an ja zare.